Laffayar da Aka Kai Nesa

A sana'armu ba a nuna fuska. Duk macen da ke tallar turaren wuta da humra ta waya a Kazaure ta san haka, ko maigidanta bai gindaya mata ba. Daga haɓa zuwa cinya ake ɗauka: kasko a gaba, kwalabe a gefe, hannaye suna aiki, murya tana bayani. To, tunda babu fuska, kayan jikinki ne fuskarki, da su masu saye ke gane ki tun kafin ki yi sallama.

Ni sai da na sha wuya na fahimci haka. Ranar da na fara ɗaukar bidiyo, ado na ci da farin leshina na biki, na jingina wayar da turmi a inuwar darbejiyar tsakar gida, na zuba turare a garwashi. Da na duba, babu hayaƙi ko kaɗan. Farin ya shanye shi, sai ka ce wata mata ce ta zauna tana yi wa kasko surutu. Na sauya atamfa mai ƙananan zane, zanen ya dinga rawa a idon kyamara har mai kallo ya ji jiri. Na sa wata mai ruwan ɗorawa da manyan furanni, wadda nake ji da ita a duk kayana, mata suka yi ta tambayar inda na sayi atamfar, babu wadda ta tambayi turaren. Baƙar abaya kuwa haɗiye hasken ta yi gaba ɗaya, hannayena suka fito su kaɗai suna yawo. Maigida kan dawo daga sakatariya ya tarar da kaya a baje kan gado da igiya, ya ce ko amarya ba ta kai ni ruwan ido ba. Ba na tanka masa, don shi abin da ya sani bai wuce farar shadda da hula ba, daga Litinin har Juma'a.

Ga kuma maganar hannu. Ni bahaguwa ce. Inna, mahaifiyarmu, ta yi faɗa, ta yi duka, ta taɓa ɗaure min hannun da ɗankwali ina ƙarama, amma abin da ta samu kawai shi ne na koyi cin abinci da dama. Sauran komai da hagu nake yi, har sunana ya ɓata a gidanmu na Roni, sai dai a ce Bahaguwa. A bidiyo ma da hagun nake ɗebo turare in barbaɗa. Wata mata ta turo min saƙo, wai rashin tarbiyya ne a nuna wa mutane haja da hagu. Na ce mata turaren take saye ba hannun ba, in kuma ta san inda ake sauya hannu ta kwatanta min.

Asalin sana'ar ta Yaya ce, 'yar farin Inna. Ita ta zauna gaban kakarmu ta wajen uba, wadda ta zo daga gabas da laffayarta da Hausarta mai gargada, ta koyi haɗa kayan ƙamshi irin su hawi da kajiji da farce tun ina wasan ƙasa. Aure ya kai ta Babura, ta yi kasuwa sosai, har daga ƙetaren iyaka ake aiko mata, masu biya da sefa. Ita ba ta taɓa ruwan idon kaya ba. Laffaya ɗaya take sawa a duk bidiyonta, mai ruwan makuba, ba zane ba ƙyalli, hayaƙi ya tashi a gabanta fari sol kana ganin kowane lanƙwasa da ya yi. Kafin ta buɗe kwalba sai ta ƙwanƙwasa murfin da farcen hannun dama sau biyu, sannan ta ce, "To 'yan uwa, ku matso." Muryarmu ɗaya da ita. A waya ko Inna sai ta tambaya wace ce a cikinmu.

Da damina ta rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Da hantsi rai ya yi halinsa, ruwa kuma ya ɓata hanya, kafin motar da ta ɗauko Inna daga Roni ta isa Babura an riga an kai ta makwancinta. Inna ba ta ga fuskarta ba. Kuma da yake 'yar fari ce, wadda ko tana raye ba ta taɓa ambatar sunanta ba saboda kara, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta zauna da carbinta tana amsa gaisuwa kamar 'yar maƙota ce ta rasu. Mu da muka san ta mun ga yadda kwanon abincinta ke komawa kusan yadda aka kawo shi.

A danginmu akwai abin da ake yi da kayan mamaci. Ba sa zama a garin da uwarsa take. A wanke, a raba, a kai nesa, don kada wata rana uwa ta fita barka ko dubiya ta hango zanen 'yarta yana tafiya a jikin wata. Inna da bakinta ta tuna wa mutane wannan bayan sadakar arba'in, ta ce ko ɗankwali kada a shigo mata da shi Roni. Wasu kayan aka aika Kanya Babba, wasu Achilafiya, nawa kason na taho da shi Kazaure a ƙaramin akwati na tura ƙarƙashin gado. Kowa ya gamsu an kai su nesa. Babu wanda ya yi tunanin waya, har ni.

Wata safiya, bayan na sa kaya na cire har kafaɗuna sun gaji, na jawo akwatin. Launi nake nema, ba wani abu ba, kuma kayana ne halak malak, rabona aka ba ni. Laffayar ce a sama. A gabana aka wanke ta a Babura, da sabulu, aka shanya ta yini guda a rana, amma ina ɗaga ta ƙamshi ya cika ɗakin. Ba irin wanda muke sayarwa ba ne, wani haɗi ne da Yaya ke yi wa kanta ita kaɗai, na sha tambayarta ta ce sai na girma. Na tsaya riƙe da ita har sai da na ji kamar akwai mai jira in gama.

Ni ban iya naɗa laffaya ba, kullum zamewa take min daga kafaɗa. Ranar nan sau ɗaya na zagaya ta, ta zauna daram.

Na ɗauki bidiyon da hantsi, tsakar gida tsit, 'yan makaranta sun tafi, sai kukan kurciya daga wajen dutsen da ke bayan unguwarmu. Ban yi tuntuɓen harshe ba, ban sake ɗauka ba. Na koma kan tabarma na kunna don in duba hayaƙin. Ya fito, ya fito fiye da yadda nake so. Sai dai kafin ya kai rabi na ga matar da ke cikin wayar ba ni ba ce. Zamanta, yadda ta karkata kafaɗa, yadda yatsunta suka sauka kan murfin kwalba suka ƙwanƙwasa sau biyu. Sannan na ji ta ce 'yan uwa su matso. Ban san na ƙwanƙwasa ba, ban san na faɗa ba. Na kifa wayar a tabarma, na dubi ƙofar ɗaki, na dubi soro, rana tana ko'ina, babu kowa.

Na ce wa kaina ai dole, shekara nawa ina kallon bidiyonta, jiki ya ɗauka. Na yi bismillah na ɗora shi.

Kafin la'asar wayata ta hana ni sakat. Mata suka yi ta tura wa junansu, daga wannan gida zuwa wancan gari, har ya isa hannun tsofaffin masu sayen kayan Yaya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na tashi washegari na sake naɗa laffayar, na sake jibi. Ruwan ido ya ƙare, igiya ta huta, maigida ya yi hamdala.

Saƙon murya na farko da ya tayar min da hankali daga wata dattijuwa ne a Gwiwa, wadda ban taɓa gani ba. Ina daka kajiji na kunna shi.

"Hajiya, ashe kina nan. Wallahi cewa aka yi kin rasu, har na yi miki sadakar ƙosai. Kai mutane, mutane. Ki aiko min irin na da, kin san wanda nake so."

Na ajiye taɓarya na zauna. Na yi mata bayani a tsanake, cewa gaskiya aka faɗa mata, Yaya ta rasu tun damina, ni ƙanwarta ce. Amsarta ta zo da tsawo, amma kusan duka shiru ne, ina jin numfashinta da kukan kaji a bayanta. Can ta yi wa mamaciyar addu'a, sannan a hankali ta ce in yi haƙuri, ita dai kada in ƙara yi mata magana da wannan muryar, in rubuto a karanta mata. Wata kuma daga ƙetare ko yarda ba ta yi ba. Ta ce ta san hannun da ke zuba mata turare, in ma ɓuya ake yi saboda wani dalili ita ba za ta faɗa wa kowa ba.

Wannan maganar hannun ta tsaya min a rai, amma ban bi ta ba sai da matar nan mai koyar da tarbiyya ta dawo. Ta turo min cewa madalla, ta ga na ji magana na koma dama, Allah ya yi min albarka. Na buɗe baki zan mayar mata da martani, sai na fasa. Na koma na kalli bidiyon da na yi da laffayar ɗaya bayan ɗaya. A na farko hannun hagu na riƙe da kasko, dama na barbaɗa turare. A na gaba hagun ya koma kan cinya. A na baya-bayan nan babu shi sam, yana ƙarƙashin laffaya, dama ke yin komai, cikin gwaninta, ba ta zubar da ko ƙwaya ɗaya.

Na nuna wa maigida da ya dawo. Ya yi dariya ya ce wayoyi haka suke, juya hoto suke yi kamar madubi, hagu ta koma dama. Na ji sanyi a raina, har na ci abinci da yawa. Sai da na zo jera kwalabe na tuna: a jikin kowace kwalba akwai 'yar takardar da nake liƙawa in rubuta sunan turaren. Da hoton a juye yake, da rubutun ma ya juye. Na sake dubawa. Rubutun daidai yake, ana karanta shi tsaf. Ban koma na faɗa masa ba.

Na yi niyyar bari. Na ninke laffayar na mayar akwati, na sa atamfata mai furanni, na zauna gaban turmi. Sallama ma sai da na maimaita. Harshena ya yi nauyi, na manta sunan haɗin da ni na yi shi da hannuna, hagun kuwa ya dinga rawa har na watsar da turare a ƙasa. Na ji ni kamar baƙuwa a tsakar gidana. Na yi haushi, na yi tsaki, na ce a kan me zan bar kasuwa ta mutu saboda surutun tsofaffi da tsoron banza. Na shiga na ɗauko ta. Ina naɗawa kafaɗuna suka saki, magana ta dawo bakina kamar ba ta taɓa tafiya ba.

Daga nan na daina cire ta da na gama ɗauka. Da farko na ce bari in kwashe kwalabe tukuna, daga baya na ce bari in ɗora tukunya. Wata rana maigida ya dawo da wuri, wajen azahar, ina tsugune gaban murhu na ba ƙofa baya. Na ji sallamarsa, sannan na ji muryarsa ta sauya, ta koma irin wadda yake gaida manya da ita.

"Yaya, yaushe a gar..."

Bai ƙarasa ba. Na waiwayo na gan shi tsaye, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, yana kallona yadda ban taɓa ganin ya kalle ni ba. Sai ya ce in cire kayan nan, don Allah, in cire yanzu. Na ce masa ashe shi ma ya shiga sahun tsofaffin Gwiwa, na yi dariya. Dariyar ce ta sa na yi shiru, don gajeriya ce, ta hanci, ni kuwa kowa ya san tawa har soro ake jiyowa.

Ba a daɗe ba matar ƙanina ta kira ni daga Roni. Ita ke zaune da Inna a gida. Ta yi ta zagaye-zagaye, gaisuwa kan gaisuwa, sannan ta ce akwai magana. Wai Inna ta je barkar haihuwa a maƙota, 'yan mata suna kallon wani abu a waya, ta ji murya ta ce a miƙo mata. Bidiyona ne. Ta kalla har ƙarshe, ta tashi ta dawo gida ba ta ko ɗauki jaririn ba. Tun daga ranar, kullum da hantsi sai ta ce a kunna mata na ranar, in babu sabo a maimaita na jiya. Tana riƙe wayar dab da idonta. Abin da ya fi tsorata matar ƙanina shi ne yadda Inna ke karkata wayar, ta ɗaga ta sama, ta leƙa ta ƙasanta, kamar mai leƙa taga, tana neman ganin abin da ke sama da haɓa. Har ta taɓa cewa a ɗan ɗaga mata hoton ta ga fuskar. Abinci kuwa, wanda dama ya ragu, yanzu fura ma sai an yi da gaske.

Matar da ba ta ga gawar 'yarta ba, ga shi kullum ana nuna mata 'yar zaune cikin laffayarta tana magana. Duk nisan da aka kai kayan, ni na mayar mata da su har cikin ɗaki, suna motsi. Na ji tsoro ƙwarai, tsoron kada Inna ta zautu, ta ƙare kwanakinta tana leƙen waya tana jiran wadda ba za ta ɗago kai ba. Na ce wa matar ƙanina kada ta ƙara kunna mata. Ta ce ta gwada, Inna ta ɗauki mayafi za ta fita maƙota.

Washegari na shirya tafiya Roni, sai ga ni tsaye gaban kaya kamar ranar farko. Hannuna ya kai kan laffayar da kansa, na janye shi. Na sa atamfar nan mai ruwan ɗorawa, wadda Inna ta san ni da ita, ta taɓa cewa ko a kasuwar dare ba zan ɓata ba. Laffayar na ninke na sa a leda, na sa ledar a jaka, don in nuna mata da idonta cewa ƙyalle ne kawai. A motar haya matar da ke kusa da ni ta tambaye ni wane turare na sa. Ban sa komai ba ranar.

Na tarar da Inna a rumfar ƙofar ɗakinta, ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Kwanon fura na gefe a rufe. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta dube ni ba, idonta na kan jakata. Na riga na tsara maganata tun a mota, a hankali, yadda ake yi wa mara lafiya.

"Inna, bidiyon nan da kike kallo, ba Yaya ba ce. Ni ce. Yaya ta rasu, Inna, sai dai mu yi ta yi mata addu'a."

Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da take min ina yarinya in na kawo mata labarin da ta riga ni sani.

"Ke kike faɗa min? Waccan na san inda take. Ban gan ta ba, amma na san inda take, kuma na bar wa Allah."

Na tambaye ta to me take nema a wayar, me take leƙe.

Ta ja carbinta. Sannan ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tun ranar farko ta san ni ce, don ta ga hannun hagu riƙe da kasko, da tabon ƙunar da na samu ina rarrafe. Ranta ya ɓaci da ganin laffayar, ta yi niyyar aiko min da faɗa. Amma da aka kunna mata na gaba sai ta ga hannun ya koma kan cinya, na gaba kuma ba ta gan shi ba. Ta yi ta jira ya fito, bai fito ba. Ta saurari dariyata ba ta ji ba, ta saurari yadda nake cin ƙarshen magana don gaggawa, shi ma babu. Shi ya sa take neman fuskar.

"Ɗaya aka ce min na rasa," in ji ta. "Kullum ina ganinta a waya. Ke ce na daina gani."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba. Na ce mata ai ga ni, ga ni a gabanta cikin kayana. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Ta ce in ba ta abin da ke cikin jakar. Na ciro ledar na miƙa. Ba ta buɗe ba. Ta ɗora ta a cinya, ta dafa da tafin hannu ɗaya, ƙamshin ya fito ya zagaye rumfar, na ga maƙogwaronta ya motsa. Wannan ne iyakar kukan da na taɓa ganin ta yi wa 'yar farinta. Ta kira matar ƙanina ta ce a ajiye, in masu zuwa ƙetare sun tashi a ba su, su kai can ciki sosai, su ba wata tsohuwa wadda ba ta da waya.

Sannan ta ce a kawo mata garwashi a kasko. Ta jawo wani ɗan gwangwani daga ƙarƙashin tabarma, ragowar turaren da na aiko mata tun bara, ta buɗe ta ajiye tsakaninmu, daidai tsakiya, bai fi kusa da wannan hannun ba bai fi kusa da wancan ba.

"Zuba min."

Abu ne da nake yi kullum ba tare da tunani ba, amma na kasa motsi. Hannayena biyu na kan cinyata, ina kallonsu, Inna na kallonsu, matar ƙanina ta tsaya a bakin ƙofa. Garwashin na ta ci. Na ji yatsun damana suna ɗan motsi a kan atamfa, a shirye, sun san yadda ake yi. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko ranar da na fara ganin bidiyon. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba, na dai ji akuya ta yi kuka a bayan danga, na ji ana kiran wani a gidan maƙota.

Hagun ne ya tashi. Da rawa ya tashi, ya ɗebo fiye da kima, ya zubar da rabi a tabarma, ya watsa sauran a wuta har hayaƙi ya turnuƙe mu duka muka hau tari.

Inna ta ɗaga hannu kamar za ta buge shi, yadda ta saba tun ina ƙarama, har na ɗan noƙe. Sai ta kama shi. Ta juya shi ta nemo tabon, ta ɗora babban yatsanta a kai.

"Bahaguwa," ta ce, "har yanzu ba ki iya komai ba."

Ta ce a miƙo mata furar. Da hannu ɗaya ta sha, don ba ta saki nawa ba har ta ga ƙasan kwanon.